Datti Ya Share Mini Gonakin Ajingi a Cikin Kwamfuta

Malam Maiwada, don Allah ka taimake ni da shawara, raina ya gama ɓaci. Ni mutumin Balan ne ta ƙasar Gaya, ina shekarar ƙarshe a jami'a, fannin lissafi da kwamfuta. Malaminmu ya haɗa ni aikin kammalawa da Datti, ɗan kawuna na Toranke. Mutumin da ko katin da muke hudawa mu ba injin kwamfuta umarni sai ya ɓata rabi, wai shi ne abokin aikina!

Shirin da muke rubuta wa injin na gonakin Ajingi ne. Kowace gona tana da suna da girma. Abin da aka shuka a cikinta kuwa, gero ko gyaɗa, yana zaune a wani wuri dabam da muke nema daga ƙwaƙwalwar injin yayin da shirin ke tafiya. Ni na rubuta ɓangaren da ke kwafar gona, don a gwada canjin shuka a kan kwafin. Shi shara kawai na ba shi: in an gama da kwafi, ya mayar wa injin wurinsa. Wannan ma ta gagare shi. Da zarar ya share kwafi sai ainihin gonar ta lalace, injin ya yi ta fito da shirmen da ko aljani ba zai karanta ba. Na yi masa magana, ya mayar da abin wasan taubasai, har da dariya.

Na yi niyyar zuwa wurin malami a cire sunansa, ko da zai maimaita shekara. Sai dai a gidan ubansa na yi firamare, kuma Inna za ta ji. Yaya zan yi da wannan dolo?

Mai Takaici, 1978

Mai Takaici, sannu da fama. Raini ya fi bayani yawa a wasiƙarka, amma ɗan bayanin ya ishe ni, kuma ba zai yi maka daɗi ba.

Ba ka kwafi gona ba. Suna da girma ka kwafa, sai adireshin inda shukar take. Ita shukar guda ɗaya ce, tana nan inda take. Mutum biyu ka nuna wa hanyar rumbu ɗaya, ka ce kowa da nasa. Datti ya kwashe wanda ka ce na kwafi ne, ashe na gidan gaba ɗaya ne.

Shi ma ban wanke shi ba. Mai sharewa ya kamata ya fara tambayar wa ke da wurin, kuma ba lokacin dariya ba ne. Amma tushen ɓarnar a hannun gwani yake.

Gyaran ba wuya. Duk sanda za ka yi kwafi, nemi sabon wuri daga injin, ka zuba shukar a ciki ɗaya bayan ɗaya, kwafin ya riƙe adireshin nasa. Kowace gona ta mallaki wurinta, a kuma share shi sau ɗaya tak.

Zuwa wurin malami kuwa, ka je in ka ga dama. Zai baje katunan ya duba ɓangaren kowa, kuma sunan da zai cire ba na Datti ba ne. Nemi ɗan'uwanka ku zauna ku gyara tare, ka kuma ba shi haƙuri da bakinka. Allah ya ba ku sa'a, ku biyun.

Malam Maiwada