Romon Duma Mai Gashi

Sri Petaling, Kuala Lumpur
4 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Daso,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin Umma, ya ƙafar tata? Ya Malam da yara? Mu nan sai godiyar Allah, sai kuma haƙuri.

Yaya, kin yi ta kira ban ɗauka ba, kar ki yi fushi. In na ji muryarki kuka zan yi. Shi ya sa na rubuta a takarda, in ɗauki hotonta in turo miki.

Yau kwana ashirin da uku da rasuwar Abban Ihsan. 'Yan uwanmu na nan sun yi mana komai, Allah ya saka musu. Ina cikin takabata, ba na fita sai dole.

Ihsan ce ta sa na ɗauki biro. Yarinyar nan ta daina cin abinci. Tun ranar da aka fita da mahaifinta, in ta kurɓi shayi sau biyu ta ciji biskit, to na ranar ke nan. Maman Afnan, matar Dakta Nata'ala da ke hawa na tara, ta yo mata tuwon shinkafa da 'yar kukar da take tattali tun zuwanta gida bara, ko kallon kwanon ba ta yi ba. A shagon mamak, wato gidan abincin Musulmi na nan, an sayo mata roti, irin gurasarsu, wanda da har kuka take a kansa, ya bushe a leda. Siket ɗin makarantarta sai da na kama shi da fil. Jiya Maman Afnan ta raka mu asibiti, likita ya ce ta zubar da kilo biyu da rabi, yarinya 'yar shekara bakwai. Ya ba mu sati uku. In ba ta koma ci ba za su kwantar da ita su zura mata roba ta hanci. Yaya, irin robar da ta gani a hancin ubanta ce.

Muna dawowa a mota Ihsan ta ce da ni da Turancinta romon Abba take so.

Ban taɓa ba ki labarin romon nan ba, don akwai abin kunyata a ciki. Ƙofarmu tana kallon ƙofar wata tsohuwa 'yar Caina, tsakaninmu taku uku ne. Ihsan tana ce mata Popo, wato kaka, mu ma muka bi. Lokacin da ciwon cikin ya ci ƙarfin Abban Ihsan, ya zama duk abin da na dafa da mai da yaji sai ya dawo, tsohuwar nan tana jiyo kakarinsa ta bango. Sai ta fara kawo romo a ɗan kwano mai murfi. Na wani abu ne da suke kira mo kwa. Kamar ɗanyen duma yake, ya fi kokwamba kauri, jikinsa duk gashi-gashi irin na kuɓewa. Ni duma mai gashi nake ce masa.

To kin san mutanen nan da alade. Ina tunanin tukunyar, ina tunanin wuƙar da ludayin. Sai in karɓa hannu biyu in yi godiya, in ta juya in tuttule a wurin wanke-wanke, in wanke kwanon in mayar mata in ce ya yi daɗi. Kwana goma sha ɗaya ina haka. Ihsan ce ta tona ni, ba da nufi ba, tsohuwar ta tambaye ta ko Abba yana shanyewa ita kuma ta faɗi abin da ta gani. Washegari na ji bugun ƙofa, na buɗe ina jiran faɗa. Sai ga ta da sabuwar tukunyar ƙasa, takardar kanti manne a gindinta, da wuƙa a cikin kwalinta, da ludayi sabo. Ta nuna min takardar da yatsa ta ce, "Halal, boleh?" Wato ya yi? Ta ce in ɗauko kazata. Ta shige kicin ɗina kamar nata.

Romon ya karɓi Abban Ihsan, Yaya. Wata biyun da suka rage masa a duniya shi ne abincinsa, kullum kwanon a shanye yake fitowa daga ɗaki. Da la'asar Popo take shigowa ta ɗora, ita da Ihsan, ni ina can ina fama da wanki da magunguna, ga kunyar abin da na yi mata ta hana ni tsayawa kusa da ita. Ban koya ba. Tun ranar rasuwar kuma ba ta sake taka ƙofata ba, ko gaisuwa. Ban sani ba ko tsohon laifina ne ta tuno.

Gobe Maman Afnan za ta sayo min dumar a kasuwa in gwada. Tukunyar tana nan.

Ki gaishe min da Umma, ki ce ta sa jikarta a addu'a.

Taki ƙanwa,
Kamila


13 ga Oktoba

Yaya Daso,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ya gida, ya hidima? Na ga saƙonki, na gode da addu'a. Tofin da Malam ya ce a yi mata a ruwa ina yi safe da yamma.

Ban iya ba, Yaya. Ranar farko na fere shi kamar kabewa, na soya albasa da tattasai na sa magi, ya fito kamar miyar taushen da aka manta ba a sa alayyafo ba. Ihsan daga bakin kicin ta shaƙa ta juya. Rana ta biyu na cire tattasai. Ta uku na cire mai, sai ya narke ya zama kunu. Na nemi yadda ake yi a waya, duk da yarensu suke magana, kuma kowanne da haƙarƙarin alade yake farawa, na kashe. Duma shida na ɓata. Maman Afnan ta ce da ni, "Ke ma Maman Ihsan da neman wahala, a Kano wa kika taɓa ji ya tashi da ruwan duma?" Amma duk da haka ita ce take zuwa ta sayo, har masu sayarwa sun fara yi mata dariya.

Jiya na ga ƙasusuwan bayan Ihsan lokacin da nake mata wanka. Ina shirya ta na zura hijabi na ɗauki tukunyar na fita. Na ce wannan lalura ce, Allah yana gani.

Ƙofofin nan biyu-biyu ne, ta ƙarfe a waje, ta katako a ciki. Ɗan Popo, Mista Yap, shi ya buɗe ta katakon, ya bar ta ƙarfen a kulle. Ina jiyo kukan jariri a ciki. Ashe matarsa ta haihu, sun dawo wurin tsohuwa jego, ni ban ma sani ba. Ya yi min ta'aziyya da kyau, ya yi ta ba ni haƙuri. Sannan ya ce a al'adarsu gidan da aka yi mutuwa da gidan da aka yi haihuwa ba sa shiga juna sai an cika kwana ɗari. Uwarsa ba za ta shigo mana ba, ni ma ba zan shiga musu ba, ko tukunyar ba za su karɓa ba. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, tsoro suke wa jaririn.

A tsaye a wurin na ƙirga. Saura kwana sittin da tara. Wa'adin likita kuma saura sha biyu.

Na hango Popo a bayansa ta miƙe daga kujera, ya juya ya yi mata magana da yarensu da ɗan ƙarfi, ta mayar masa da wadda ta fi, sai ya rufe ƙofa.

Na dawo na zauna a ƙasa da tukunya a cinya. Raina ya sosu, ba zan ɓoye miki ba, a ce ni ce yau ake gudu kamar mai ƙazanta. Daga baya na tuna ni ma haka na yi wa kwanonta, su ko ba komai sun faɗa min gaskiya a fuskata.

Ihsan tana kwance a inda ubanta yake kwanciya. Makaranta ma na daina tura ta, jiri take yi a matakala. Ban san abin da zan gwada gobe ba.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Kamila


20 ga Oktoba

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Umma da Malam da yarana duka. Allah ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Ranar Litinin da hantsi, bayan Mista Yap ya tafi aiki, na ji ana dukan ƙarfe. Na leƙa. Popo ce zaune a kan 'yar kujerar roba a cikin ƙofarta ta ƙarfe, ƙafafunta biyu a bayan dokin ƙofa, tana buga ƙarfen da silifas. Ta yi min alama in buɗe tawa in kawo wuta. Na ɗauko ɗan ƙaramin gas ɗin da Abban Ihsan ya saya don fita shan iska, na ajiye a bakin ƙofata daga ciki. Ita ba ta fito ba, ni ban fita ba. Ihsan ta jiyo muryarta ta taso da kanta ta zauna a gefena, ita ta zama tafinta.

Ina ɗaukar wuƙa tsohuwar ta kwarara ihu, "Aiyo!" Ashe ba a ferewa. Da gefen cokali ake kankare gashin da 'yar fatar sama kawai, a bar koren, shi yake riƙe shi kar ya narke. A yanka manya-manya. Ƙashin kaza kuma a tafasa shi a zubar da ruwan farko. Na ce wa Ihsan ta gaya mata wannan ai ɓarna ce, romon ke nan ake zubarwa. Ta ce a gaya min in rufe baki in zubar. Sai ruwan sanyi, ɗanyar citta yanka uku, busasshen jatan lande ɗan kaɗan irin wanda Inyamurai suke sa wa miya, da wani jan dabino nasu guda biyar da ta jeho min ta tsakanin ƙarfe. Wuta ƙasa-ƙasa, awa biyu, ba juyawa, ba buɗewa. Gishiri sai an sauke. Na dunƙule magi ɗaya a hannu ina jiran ta kau da kai, ta gan ni, ta ce in ajiye shi in koma da shi Najeriya. Ihsan ta yi dariya. Rabona da jin dariyarta tun ubanta yana asibiti.

Da ƙamshin ya tashi sai da na shiga ɗaki na rufe fuskata da filo. Ƙamshin watanninsa na ƙarshe ne.

Na zuba wa Ihsan a kwanonta mai hoton mage. Ta ɗauki cokali, ta duba, ta ajiye. Yaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Popo ta tambaye ta wani abu da Malayanci, ta amsa a hankali. Sai tsohuwar ta nuna ni da silifas ɗin ta ce, "You makan." Wato ni in ci.

Ga gaskiyar da ban faɗa miki ba. Duk wata biyun nan, da sabuwar tukunya da kazata da komai, ban taɓa kai romon nan bakina ba. Zuciyata ce kawai ba ta kwanta ba. Ina zaton ba wanda ya lura, ashe ita ta sani.

Na yi bisimilla na sha. Kusan ba ya da ɗanɗano, sai can a ƙarshe wani zaƙi-zaƙi mai sanyi. Dumar ta zama garau kamar gilashi, tana narkewa kafin a tauna. Na kai rabi hawaye ya hana ni, na ajiye kwanon a ƙasa. Ina share fuska na ga Ihsan ta jawo shi. Da cokalina ta sha, har ta ɗaga kwanon ta kafa kai.

Da yamma ina taje mata kai ta ba ni labari. Ta ce ita ba ta taɓa shan romon a kwanonta ba. In na kai wa Abba na fita, sai ya yi cokali uku ko huɗu, ya yafito ta ya ce ta zo ta taya shi kar Popo ta yi fushi, kar Mami ta damu. Ita take shanyewa. Sirrinsu ne.

Yaya, kin tuna yadda nake kiranku ina murna ina cewa ya shanye kwano guda? Cokali uku yake yi. Wata biyu ina wanke kwanon nan ina hamdala, mutumin nan yana kwance da yunwa yana min murmushi. Na yi sallar magariba ranar ban san me na karanta ba. Har yanzu ban san ko in gode masa ba ko in ji haushinsa. Allah ya ji ƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Yau kwana biyar tana ci. Ba romon kaɗai ba, jiya har tuwon Maman Afnan, amma sai abin da na rage. In an zuba mata nata daban ba ta taɓawa. Talata za mu koma wurin likita, ina sa ran ba zai riƙe ta ba. Popo kuma kullum da hantsi tana bakin ƙarfenta tana kallon hannuna, tana faɗa.

Kwano ɗaya muke zubawa yanzu. In fara, in ture, ta jawo. Ni abincin ba ya shiga, na so in riƙa yin cokali uku in bar mata sauran. Ta turo min shi ta ce haka Abba ya yi. Sai ta ga na kai rabi take karɓa.

Ki riƙe min hannun Umma ki gaishe ta. Ku ci gaba da sa mu a addu'a, mu biyun. Na bar ku lafiya.

Taki har kullum,
Kamila Maman Ihsan