Ban Ce A Rushe Murhun Inna Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Gari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ranka ya daɗe, sunana Umaru, malamin aikin gona a sakandaren garin nan, wanda yara ke kira Malam Amurka. Ni ne ɗan Inna Gambo mai bandar kifi a kwata, ko in ce wadda take banda a kwata kafin leburorinka su je da diga su baje mata murhu. Na je gidanka an ce kana barci. Na je ofis masinja ya ce kana Birnin Kebbi, alhali ina hangen motarka a gindin dogon yaro. Tunda a bainar jama'a ka ambaci sunana, ni ma a bainar jama'a zan ba ka amsa.

Ga abin da ya faru, domin wanda bai sani ba. Bayan an ba mu jiha aka kafa kwamitinka don a gyara gari, muka yi murna. Sai aka tura ku Amurka gani da ido, kuka yi 'yan kwanaki kuka dawo. Ranar kasuwa ka hau benci a kwata da lasifika, ka ce za ka mai da garin nan tsit, tsaf, kamar garin Amurka, ba hayaƙi ba ƙarni. Da mata suka fara gunaguni sai ka ce, "Ku tambayi Malam Umaru, shi ya zauna can, kuma shi ya ba da shawara." Ba a daɗe ba 'yan duba-gari suka zo da leburorinka suka rushe murahun banda kaf, aka ce mata su koma kan tudu bayan tashar mota, inda ba ruwa ba inuwa. Tun ranar mahaifiyata ba ta ƙara amsa gaisuwata ba.

Na farko, ƙarya ka yi mini. Sau ɗaya muka taɓa maganar Amurka da kai, a wajen wani suna, muna tabarma ɗaya. Ka tambaye ni yaya garin da na zauna yake, na ce maka, "Alhaji, garin tsit yake." Ka ce madalla, aka kawo waina, ka juya mini baya. Iyakar shawarar ke nan! Ranka ya daɗe, tun yaushe Bahaushe yake cewa gari ya yi tsit yana nufin yabo? Gidan da aka fita da gawa ake cewa ya yi tsit. Kuka nake kai maka, kai kuma ka ɗauka kirari ne, ka tafi da shi kwata ka rataya mini a wuya.

Na biyu, tunda ka sa ni shaida, to ka saurari shaidar tawa har ƙarshe. Zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato aka tura ni karatu, na yi shekaru a wani matsakaicin gari, ba birni ba ba ƙauye ba, shi ma a bakin tafki. Ba zan ɓoye alherinsa ba. Duk zamana ban taɓa buɗe famfo ya yi mini tari ba. Wuta sai dai kai ka kashe ta. Motar shara tana da ranarta, kuma ba ta saɓawa. Akwai ɗakin karatu da za ka ari littafi ka tafi da shi gida ba wanda zai tambaye ka ko kai ɗan wane ne. Hayar ɗaki ba ta kai ta manyan birane ba, ba cunkoso, ba turereniya. Lokacin da abokin zamana ya yanke jiki ya faɗi, kafin in gama salati motar asibiti tana ƙofa.

To cikin waɗannan, wanne ka kawo mana? Muna zaune a bakin ruwan da ake yi wa ƙasa duka wuta da shi, amma ɗalibaina da aci-balbal suke karatu. Mace mai naƙuda a jirgin ruwa ake ɗaukarta ana neman asibiti. Ka je Amurka ka dawo, duk abin da idonka ya gani shi ne babu hayaƙi. Ai dole ka zaɓi wannan, shi kaɗai ne ba ya bukatar komai sai diga da tsofaffin mata waɗanda ba su iya ramawa.

Na uku, ga abin da ba a nuna wa baƙon 'yan kwanaki daga tagar mota. A garin nan, in ba ka da mota ka zama gurgu. Gishiri ma sai ka yi tafiya mai nisa cikin ƙanƙara kafin ka same shi. Titi fes, amma za ka bi shi daga farko har ƙarshe ba ka ga wanda za ka yi wa sallama ba. Ba ka zuwa gidan mutum sai ka buga waya ya ba ka rana. Ni da aka haifa cikin ƙarnin kifi, na je bakin tafkinsu da ƙugiya don in ɗebe kewa, wani mai kaki ya zo yana neman takardar izini. Kifin da ke kanti kuwa daskararre ne, ba kai ba wutsiya, ka dafa shi ka ji kamar kana tauna auduga. Sallar Juma'a a ɗakin haya muke yinta, muna rage murya kada maƙwabta su kai ƙara.

Akwai wata tsohuwa da gidanta ke kallon namu, mai kirki, kullum takan ɗaga mini hannu daga taga. Tana da 'ya'ya, duk suna wasu jihohi. Wani lokacin sanyi ta mutu a kujerarta, ba wanda ya sani, sai da mai kawo wasiƙu ya ga akwatinta ya cika ya tumbatsa sannan aka ɓalle ƙofa. Ni maƙwabcinta ne kuma ban sani ba, don a can rufaffiyar ƙofa ba ta nufin komai. A kwatarmu kuwa, in gari ya waye hayaƙin wata bai tashi ba, kafin hantsi an aika yarinya ta dubo ko lafiya. Wannan hayaƙin ne ka kira ƙazanta da lasifika.

Na huɗu, je ka dubi aikinka. Kifi ba ya jira. Yana fitowa daga koma ake feɗe shi a wanke a ɗora kan wuta, shi ya sa murhu yake bakin ruwa. Yanzu kafin a haura da kwando kan tudu cikin ranar nan, cikin tarwaɗa ya kumbura, ƙuda ya rufe karfasa. Masu ƙarfi suna ƙoƙari, suna jidar ruwa da itace. Inna da ciwon gwiwa ta gwada, ta kasa. Masunta kuma da suka ga babu mai karɓa sai suka juya jiragensu zuwa Wara da Yawuri. Ka so gari ya yi tsit, to barka, ya yi. Mai kunu ta daina zuwa kwata, mai itace ma haka.

Murhun nan Inna da hannunta ta gina shi, da laka, shekarar da ruwan dam ya cinye tsohon garinmu aka kwaso mu nan. Da shi ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Yau matan da suka goya ni in na biyo sai su tofar da yawu, su ce ga wanda ya je ƙasar Turawa ya dawo yana ƙyamar warin uwarsa. Abincin da matata ke aika wa Inna, yadda ya je haka yake dawowa.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A mai da mata bakin ruwa, kuma leburorin da suka rushe su kwaɓa laka su gina. In hayaƙi ne damuwarka, a zauna da su a ja murahun gefen da iska ba ta kai shi cikin gari, su ma sun san gefen. Sannan ka hau bencin nan da lasifikar nan ka janye sunana.

Ga kuma roƙo na ƙarshe, shi ne ya fi mini duka, kuma ba ya jira. Inna ta ɗaure kayanta, ta ce ranar kasuwa mai zuwa za ta bi jirgin Shanga wurin ƙanenta. Jiya na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta ina ba ta haƙuri, ga mata cike da tsakar gida. Ni ɗan fari ne, ranka ya daɗe, ka san abin da hakan ke nufi: tun da ta haife ni bakinta bai taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce "wancan" ko "Malam". Jiya ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ruwa yat tashe ni, nic ce ikon Allah na. Yau ko ɗan da nih haihwa yat tashe ni. Tashi ka ba ni wuri, Umaru." Na kai shekarun furfura ban san yadda sunana yake a bakin uwata ba sai jiya, kuma ban so na ji ba. Ka zo ƙofarta da ƙafarka kafin jirgin nan ya tashi, ka ce mata ɗanta bai ce ba. Ni ba za ta yarda da ni ba, kuma in ta shiga jirgin ba ta dawowa.

Allah ya ba ka ikon gyara abin da ka ɓata, ya raba ka da fushin mahaifiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Ni ne,
Umaru, ɗan Inna Gambo ta kwata.