Kiɗan da Baba Bai Faɗi Sunansa Ba

Ƙauyen Khoi Bue, Shantou
Watan biyu, 1987

Zuwa ga Yayana Siu Meng, a Bangkok,

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da jikoki. Yaya ƙafar taka? Har ciwon ƙafarka a bakin mutane nake ji, don tun da ka hau jirgin ruwa kowa kana aiko masa wasiƙa, har mai sharar ɗakin kakanni, ni kuwa ko layi ɗaya. Na san dalili, ni ne jahilin gida. Kai Baba ya sa a makaranta, kai ya koya wa karanta kiɗa a takarda da sunan kowanne. Ni sandunan gora biyu ya miƙo mini, ya zaunar da ni gaban yangkin, abin kiɗan nan mai wayoyi da yawa, ya ce in bi da kunne. Na bi. Ka tafi da sunaye kana sayar da shinkafa, ni na zauna ina kaɗawa.

Tsoho Heng, mai rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya, ya ce in rage zafi. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, ai ba wansa ba ne.

Ga kaset nan, kiɗa ɗaya ne a ciki. Wanda Baba yake yi shi kaɗai in abokan kiɗansa sun watse, mai farawa daga sama ya sauko a hankali kamar mai gangaro tudu da kaya a kafaɗa. Ban taɓa jin sunansa ba, sai na sa masa Rakiyar Amarya, kuma da shi nake shigar da kowace amarya a ƙauyen nan. Ka faɗa mini sunansa na ainihi. Ba wani abu ba ne, sani kawai nake so.

Naka ƙane,
Siu Ngiap

Watan biyar

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Zafi ya shigo, ka riƙa kula da kanka. Kaset ya isa, ɗan maƙwabcinmu da ya kai ya ce a hannunka ya sa. To shirun na mene ne?

Da na ce ba wani abu ba ne, da abu. Jikata A Hiang, 'yar ɗana Tek Seng, ta yi aure a gidan Lai, 'yan ƙabilar Hakka ne na can cikin duwatsu. Ranar walima na ɗauko yangkin na sa Rakiyar Amarya, hannuna bai taɓa daɗi kamar ranar ba. Ban kai tsakiya ba kakar ango ta ajiye sandunan cin abinci, ta miƙe, ta tambaya a gaban kowa, "Wa ya mutu?" Wai a wurinsu wannan ne kiɗan ɗaga akwatin gawa. Na ce tsohuwa kunnenta ya tafi, kuma mutanen dutse me suka sani ban da dankali. Da ƙarfi na faɗa, Yaya. Suka tashi tun ba a kawo agwagwa ba.

Yanzu tsohuwar tana kwance, sun ce kiɗana ne. A Hiang a madafa take cin abinci ita kaɗai, ba a barinta ta kunna turare gaban kakanninsu. Sun ce sai na hau dutse na rataya jan ƙyalle a ƙofarsu, na durƙusa na miƙa shayi. Tek Seng ba ya haɗa ido da ni. A ɗakin kiɗa kuwa, Pua mai goge ya ce in ajiye masa Rakiyar Amarya har ranar da zai mutu, tun da na iya, kada a ɗauko baƙo. Aka yi ta dariya. Na yi tare da su, na dawo gida.

Ba zan durƙusa wa kowa a kan kiɗan ubana ba. Ka rubuto suna ɗaya in kai musu su karanta, tun da su masu karatu ne.

Ƙanenka,
Siu Ngiap

Watan tara

Yaya Siu Meng,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Heng ya ce in tambayi ƙafarka, na tambaya.

Na je gidan Lai. A Hiang ta zo ganin gida, na ga wuyan hannunta ya koma kamar sandar kiɗana, lokacin da take zuba mini shayi. Washegari na sayi jan ƙyallen. Na rataya shi da hannuna, yaran garinsu suna kallo, na durƙusa da wannan furfurar. Tsohuwar ta karɓi shayin ta sha. Na ɗauka an gama.

Sai ta ce in kiɗan ya kai wurin da nake tsayawa, me nake yi? Na ce nan ya ƙare. Ta girgiza kai, ta ɗauko shi da baki daga inda nake ajiyewa, ta ci gaba. Yaya, ban taɓa jin wannan sashen ba, amma yatsuna suna bin sa a kan gwiwata, sun san inda zai faɗa. Ƙarshensa ba na biki ba ne, ko kurma ya ji zai sani. Rabi Baba yake yi ya tsaya, ni kuma rabin na kwasa, na ƙara masa sauri, na shiga da shi gidajen mutane.

An bar A Hiang ta kunna turare, wannan ya wuce. Amma labari ya riga ni saukowa. Matar Sim, wadda mijinta ya nutse a teku shekarar aurensu, ni na yi musu kiɗa, yanzu in ta hango ni sai ta sauya hanya. Wata mai zuwa za a yi biki a gidan da ke jikin namu, kuma sun ɗauko makaɗi daga wani gari. Na rufe yangkin da tsohon bargo. Ina bin ƙauyen nan ƙofa ƙofa da ido, ina tuna kowace amarya da na shigar da ita da wannan kiɗa, da abin da ya same ta bayan nan.

Abu ɗaya ya hana ni sukuni. Ranar da na fara kaɗa shi a biki, auren 'yar kawu ne, ba ka tafi ba tukuna. Kana zaune kusa da ni. Na ga ka sunkuyar da kai, na ɗauka kishi ne, har na ji daɗi. Ka sani ke nan? Ka san abin da nake kaɗawa, ka bar ni don kada jahilin ƙanenka ya ji kunya rana ɗaya, na kwashi ta tsawon rai? Ko kai ma Baba bai faɗa maka ba, kunyar cewa ba ka sani ba ce ta ɗaure maka hannu?

Ko wanne ne zan iya ɗauka, na riga na durƙusa wa bare. Baba ba ya nan, kai kaɗai ka rage da ya ji shi yana kaɗawa. In hannunka ba ya riƙe alƙalami, ka sa a rubuta maka kamar yadda nake yi, ba a mutuwa. Ka sani ko ba ka sani ba? Ka amsa mini, Yaya.

Ni ne ƙanenka,
Kho Siu Ngiap