Ido Ɗaya Tukuna, In Ji Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman yara da yaran baki ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu, ya tsare ku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Maigidana ciwon bayan nan ya yi sauƙi, har ya koma shago. Gwaggo tana nan tana fama da ƙafa, amma bakin nan nata ko gezau bai yi ba. 'Yan biyuna sun shiga sakandare, sun fara ganin kansu manya, yanzu sai an kira su sau biyu suke amsawa. Ɗinki kuma yana tafiya daidai gwargwado. Na san za ka yi mamakin takarda alhali ga waya, to dalilin shi ne kai a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, ni kuwa yau so nake ka saurare ni har in gama.

Maganar idon Baba ce. Zuwanka na ƙarshe ka same shi yana karatu da gilashin nan mai ƙara girman rubutu, yana kuma ce maka ba komai. To, da komai. Bayan tafiyarka yanar da ta fito masa ta ci gaba da rufe idanun biyu har ya daina bambance fuska, sai dai murya. Yaran unguwa da ke taruwa a baranda da yamma yana koya musu fiziks kyauta tun da ya yi ritaya, da kansa ya sallame su, ya ce malamin da ba ya ganin abin da ɗalibi ya rubuta ɓata wa yara lokaci yake yi. Ya kwashe mayen ƙarfensa da wayoyinsa da batura ya zuba a kwali, ya tura ƙarƙashin gado. Daga nan kuma ya yi tuntuɓe a bakin ƙofar banɗaki, goshi ya fashe. Da muka kai shi asibiti suka ce yanar ta nuna, aikin cire ta ba wani babban abu ba ne, amma in aka ƙyale ta tana iya ƙara tauri har ta jawo wata matsalar. Baba ya saurara tsaf, ya yi godiya, muna fitowa ya ce babu wanda zai sa masa wuƙa a ido.

Wallahi Yaya mun yi iya yinmu, amma da na zauna na yi tunani sai na ga wautarmu. Kawu direba ya kawo maƙwabcinsa da aka yi wa aikin ya ba da shaida. Gwaggo ta jero sunayen duk tsofaffin da ta sani da suka warke, har da waɗanda nake zargin ƙirƙiro su ta yi. Kowa ya gama bayaninsa, sai Baba ya tambaye shi ko ya auna ganinsa kafin aikin da bayan aikin, in ya auna da me ya auna. Mutum ya yi tsuru-tsuru, a sha ruwa, a yi sallama. Ka ji fa, mu 'ya'yansa da muka tashi a gabansa, mu ne muka kwaso masa an-ce-an-ce, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana ɗalibai yarda da abin da ba su gwada ba.

Ai ba ka manta falonmu ba. Gidan kowa hotunan dangi ne a bango, mu namu hotunan manyan masana fiziks na duniya ne, waɗanda Baba yake kira mutanena, kowa da laƙabin da ya ba shi. Ga Mai Ɗaurin Littafi, wanda ya fara da aikin ɗinke littattafai yana karanta abin da aka kawo masa, har ya zama jigo a sanin lantarki. Ga Gwaggo Mai Tukunya, wadda ta yi shekaru tana juya narkakken dutse a wata rumfa mai yoyo don ta fitar da wani sinadari ɗan mitsitsi. Ga Mai Gilashi, wanda ya raba hasken rana ya fito da launukan bakan gizo. Ga kuma tsohon nan mai buzu-buzun farin gashi, wanda ni da ina aji ɗaya na rantse wa malamarmu cewa kakanmu ne na wajen uba, kai kuma ka yi ta yi mini dariya har na girma. Mu ba mu san tatsuniya ba, da labarin waɗannan mutane aka raine mu. Kai suka ja ka har ka zama injiniya, ni kuwa na faɗi fiziks a ajin ubana, abin da har gobe Gwaggo take yi mini gori a kai.

To, cikin mutanen nan nasa ya samo mafaka. Duk wanda ya matsa masa sai ya kawo labarin Mai Hangen Taurari, wanda ya ɗaga madubin hangen nesa ya ga watanni suna kewaya wata duniyar, ya ce shi ma a makance ya ƙare, kuma hakan bai rage masa daraja ba, to shi wane ne da zai yi ƙorafi. Na ce masa da a zamanin bawan Allahn nan akwai aikin da ake yi yanzu, da shi zai riga kowa zuwa layin asibiti. Ya ce kar in yi wa mamaci ƙarya. Gaskiyar maganar kuwa sai daga baya ta fito, ran da nake gyara masa gado. Ya ce tun da Inna ta rasu shi bai ga abin da ya rage a duniya da zai wahalar da kansa don ya kalla ba. Yaya, maganar nan ta soke ni. Na fita tsakar gida na yi kukana, daga baya kukan ya koma haushi, domin ga mu, ga jikokinsa, wai duk ba mu kai abin kallo ba.

Cikin wannan haushi na yi abin da na yi. Ka tuna ƙaramin ɗakin nan mai kallon titi, wanda Baba ya huda ƙyauren tagarsa da ƙusa, inda yake shigar da kowane yaro a gidan in ya fara wayo, a rufe ko'ina, a ga titi ya faɗo a jikin bango ƙafa sama kai ƙasa. A nan yake ba mu labarin wanda ya fi so duk a cikinsu, Mai Ɗakin Duhu, malamin nan na zamanin da wanda ya nuna cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ne ke fitar da haske ba, wanda kuma ya yi gargaɗi kada mai neman gaskiya ya miƙa wuya ga abin da ya karanta sai ya bincika. Ɗakin ya zama wurin ajiyar tarkace, hudar ma an cusa mata tsumma. Da rana tsaka na kwashe kayan, na zare tsumman, na toshe ƙasan ƙofa da bargo, na je na kamo hannun Baba na ce 'yan biyu suna da tambaya a makaranta, ni kuma na manta yadda abin yake. Ya taso yana mita, amma ya taso.

Muka zauna a duhu. Can sai titi ya bayyana a bango, ga mai tura kurar ruwa, ga wata mata da jar lema, duk a kife kamar yadda muka saba gani. Ya tambaye ni me nake gani, domin shi ban da hazo ba ya ganin komai. Na daure fuska na ce masa ina ganin mutane suna tafiya tsaye daidai, kai a sama ƙafa a ƙasa. Ya ce in sake dubawa. Na ce na duba, a tsaye suke. Kai, Yaya, rabon da in ji muryar Baba ta tashi haka tun muna yara! Ya ce ba zai yiwu ba, haske a miƙe yake tafiya, wanda ya taso daga kai dole ya sauka ƙasa, wanda ya taso daga ƙafa ya hau sama, ya ɗaga hannu yana zana mini layukan a iska. Na ce duk na ji, amma ni ce mai ido a ɗakin nan, shi kuwa labari kawai yake da shi. Na ce masa tunda ya zaɓi zama a haka, daga yau duk abin da na ce na gani dole ya karɓa, ni da na faɗi darasinsa, haka zai karɓi na Gwaggo da na duk wanda ya shigo gidan nan. Sai na ga kamar na wuce gona da iri. Ya miƙe ya lalubi ƙofa da kansa, ya ƙi ba ni hannu.

Washegari da safe ina kawo masa shayi ya ce in shirya mu koma asibiti, amma da sharaɗi. Ido ɗaya kawai za a taɓa, a bar ɗayan yadda yake don ya samu abin da zai gwada da shi, in ba haka ba ta yaya zai san aikin ne ya yi amfani. Ya shiga ofishin likitar ido da shirin gardama, ya zayyana mata sharaɗinsa dalla-dalla. Baiwar Allah ta saurare shi cikin ladabi ta ce ta amince. Sai da muka fito ta ja ni gefe tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce ai da ma ɗaya bayan ɗaya suke yi wa kowa, amma kar in faɗa masa. Ta ce ita ma wani malaminta na fiziks ne ya sa ta son sanin yadda ido yake aiki, don haka ta san irinsu, ba a ja da su.

An yi aikin a idon dama, Alhamdulillahi, kafin in gama addu'o'ina a kan benci har an fito da shi. Da aka cire bandejin a asibiti, sai ƙifta ido yake yi yana bin kowa da kallo. Muna isa gida ya zauna a bakin gado ya fara gwajinsa. Ya rufe hagu ya kalli bango, ya rufe dama ya sake kallo. Ya yi haka da faranti, ya yi da labule, sannan ya kai kan farar rigar da ke jikinsa, a nan ya daɗe. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, tun da wankinsa ya dawo hannuna bayan rasuwar Inna, kullum sai ya yi mitar fararen kayansa sun koma ruwan ƙasa, wai hannun Inna daban ne. Na sauya sabulu, na sa bula, na shanya a rana, duk a banza, har na haƙura na ɗauka ni ce ban iya ba. Ashe da sabon idon rigar fara ce tas, da tsohon kuma ga ruwan ƙasan nan yana nan. Ya kira ni ya ce sakamako ya fito, wanki ba shi da laifi, abin awon ne ya lalace, kuma shi ya zalunce ni shekara da shekaru, in yafe masa. Na buɗe baki in ce ba komai, kuka ya ƙwace mini. Yana lallashina kuma sai ya matso ya ƙura mini ido, ya ce yaushe na yi furfura ba wanda ya sanar da shi.

Yanzu dai shi ke tambayar ranar da za a yi na hagun. Kwalin ya fito daga ƙarƙashin gado, yara sun dawo baranda, yana zaune a tsakiyarsu da baƙin tabarau da likita ta ba shi, yana ba su labarin mutanensa kamar jiya suka rabu. Wata yarinya a cikinsu ta ce ita irin Gwaggo Mai Tukunya za ta zama, ya ce mata to ta fara da gyara lissafinta.

Ka gaishe mini da Maman yara da kyau, ka ce ina nan ina yi mata addu'a. Ka shafa mini kan Ƙaramin Malam da 'Yar Lele, da jaririn da har yanzu muryarsa kawai muka sani. Gwaggo tana gaishe ku, Kawu direba ma haka, maigidana da 'yan biyu duk suna miƙo gaisuwa.

Na kai nan ke nan Baba ya shigo ya tambayi me nake rubutawa, ya miƙo hannu. Ban so ba, amma na ba shi. Ya matsa kusa da taga ya karanta da kansa tun daga sallama, ba gilashi, ba mai taya shi. Da ya zo wurin likita ya yi tsaki ya ce ashe haɗa baki aka yi. Wurin maganar da ya yi a kan rasuwar Inna kuwa ya koma ya sake karantawa, na ce in ya ga dama in soke. Ya ce in bar shi, haka ya faɗa, amma kuskure ya yi, akwai sauran abin kallo. Ya ce in gaya maka ka nemi hutu ka kwaso yaran nan ku zo, so yake ya ga fuskarka da idonsa, ya gani ko kai ma ka yi furfura.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai keken ɗinki