Kayen Lokotoro Amadu

Damagaram, 4 ga Maris 1985

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙarin haƙuri, ya takaba? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Na iso gida lafiya, sai dai ƙafafuna sun kumbura, ungozoma ta ce kada in sake hawa mota sai na sauka. Ke nan sadakar arba'in ba da ni ba. Yaya Hasan ya aiko mini cewa abokan aikin Baba za su zo ranar, har da manyan gwamnati, kuma suna so iyali su faɗi wani abu a kan Lokotoro Amadu Illo, likitan zuciya. Shi zai karanta, ni zan rubuta, tunda ni ce malamar lakwal, mai koya wa yara rubutu a aji.

Kwana uku ke nan ina zaune gaban takarda. Abin da ke zo mini kawai shi ne yadda yake kama wuyan hannunmu kowace safiya yana kallon agogo, kafin ya amsa gaisuwa. Wannan kuwa ba abin faɗa gaban manya ba ne. Ki taimake ni da abin da kika sani.

'Yarki,
Balkisa

Bukoki, Yamai, 11 ga Maris

Balkisa,

Na amsa gaisuwarki, haƙuri da godiya. Zafi ya sauko da wuri, famfo kuma sai ya ga dama yake kawo ruwa.

Shekara talatin da ɗaya na yi da babanku, bai taɓa cin tuwona da zafinsa ba. Ko ranar sunanki daga lopital aka jawo shi, da abin sauraron ƙirji a wuya. Ya hana gidan nan gishiri har maƙwabta suka daina roƙon miyata. Amma da kika yi ƙyanda, shi ya goye ki da zanena yana zagaya tsakar gida, bai ji kunyar kowa ba. Rubuta wannan, ya isa.

Sauran maganar ita ta sa na ba Haruna direba wasiƙar nan, ban kai ta gidan waya ba. Bara, da fari ya koro mutane suka zube bayan gari cikin bukkokin tabarma, an sa babanku duba gawawwaki a can, don likitoci sun yi kaɗan. Wani kumandan, babba a gwamnati, ya kira shi ya ce kalmar yunwa ba za ta hau takarda ba, ya rubuta zuciya ce ta tsaya, ai shi ne masanin zuciya. Ya kuwa rubuta. Ya dawo ya zauna bakin gado da takalminsa, ya ce da ni, "Hadizatu, kowa zuciyarsa ke tsayawa. Amma ni na san abin da ya tsayar da tasu."

Sai ya sayi kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal. Ya rubuta sunan kowane mamaci, da garin da ya fito, da gaskiyar abin da ya kashe shi. Mutum ɗari uku da sha bakwai. Kayen yana cikin kwallar tufafina. Yayanki ya gani, ya ce in ƙona kafin ya ƙona mu.

Ki rage gishiri, kin ji.

Innarki

Damagaram, 18 ga Maris

Inna,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Sa hannu ɗari uku da sha bakwai, Inna! Mutumin da ya mare ni sau ɗaya tak a duniya, don na yi ƙaryar ciwon ciki in tsere wa lakwal? Na yi fushi da shi wuni guda, daga baya na yi kuka, don yanzu na gane ramar da ya yi. Mu muna ta cewa aiki ne.

Kada ki ƙona. Wanda bai so a sani ba, ba ya sayen kaye. Ga abin da na rubuta, na faɗi komai a ciki. Yaya Hasan ya karanta shi gaban manyan nan yadda yake. In ba zai iya ba, wallahi zan hau mota da cikin nan in zo in karanta da bakina.

Ki gafarce ni in na ɗaga murya.

Balkisa

Bukoki, 25 ga Maris

Balkisa,

Lafiya muke. Ki zauna inda kike, kada ki haifa mini jika a bayan mota.

Kina Damagaram, baki ya yi miki sauƙi. Yayanki ma'aikacin gwamnati ne, 'ya'yansa huɗu. Akwai abokin aikin babanku da ya ƙi sa hannu, aka kama shi, wata takwas matarsa tana yawo da kwanon abinci ba ta san ƙofar da za ta kai ba. Babanku ya ga wannan, ya dube ku, ya ɗauki biro. Ban ce ya yi daidai ba. Na ce dai ina wurin.

Yayanki ya karanta takardarki a tsaye, ya ninke, ya ce ba zai iya ba. Ban ga laifinsa ba. Sau biyu ina fitar da kayen bakin murhu, sau biyu ina mayar da shi. Na buɗe na ga wata Kande daga Filinge, shekara shida, da rubutun babanku mai kama da tafiyar tururuwa. Ta yaya zan sa wannan a wuta?

Na gaji, Balkisa. Masu gaisuwa suna ta yabonsa, ina ta cewa amin, kwallar da kayen ke ciki tana bayana. Saura mako ɗaya, ban san abin da zan yi ba.

Allah ya sauke ki lafiya.

Innarki

Bukoki, 2 ga Afrilu

Balkisa,

Ina gaishe ki da jiki. An yi sadaka jiya.

Yayanki ya faɗi maganar tuwo da ta goyo, mutane suka yi dariya, wasu suka share ido. Kumandan ɗin nan yana kujerar gaba. Ni ina ɗaki, ina jin komai ta taga.

Kwana huɗu na yi ina kwafe sunayen da garuruwansu kawai, na aika wa liman, Malam Isaka. Na ce marasa lafiyar marigayi ne, a haɗa su da shi a addu'a. Ya ɗaga hannu ya fara kira, ɗaya bayan ɗaya. Wajen suna na hamsin, wata mata daga cikin mutanen bukkokin da suka zo karɓar sadaka ta ji na mijinta, ta fasa kuka. Daga nan kowa ya gane su wane ne. Ba wanda ya ce yunwa. An ce kumandan ya yi ta gyara zama, amma wa ke tashi ana tsakiyar addu'a? Hannunsa a sama har suna na ƙarshe, yana cewa amin.

Yau yayanki ya tafi aiki ya dawo. Gobe kuma sai Allah.

Kayen yana nan. Ki sauka lafiya ki zo ki ɗauka, ni na gaji da gadinsa.

Innarki,
Hadizatu