Ranar da Yaya Haladu Ya Ari Talotalo

Zuwa ga mahaifina, Malam Audu Maharbi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ɗanka Nasiru ne daga Dubai. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, mutane ne za su karanta a waya, amma da kana raye kai zan fara kira da wannan labari.

Baba, mun ba da hayar fadamarka. Kafin ranka ya ɓaci, bari in faɗa maka yadda aka yi.

Tun bayan rasuwarka Yaya Haladu yake maganar sayar da ita. Wai wani ɗan kasuwa zai cike tafkin ya yi gini. Na ƙi, amma ƙin wanda ke Dubai a cikin waya yake tsayawa.

Maigidana a siton kaya da nake aiki a Al Quoz wani Balarabe ne, Abu Rashid, mayen farauta. Yakan je Amurka, inda masu gonaki ke ba da hayar dajinsu, mutum ya shiga ya harbi barewa da talotalon daji da agwagin ruwa. Wata rana muna shan shayi yana nuna mini hotuna, na ce ai mahaifina maharbi ne, ya bar mana fadama. Ya ajiye kofi, ya tambaya ko za mu ba da haya, amma sai an nuna masa wurin ta bidiyo tukuna.

Na kira Yaya na faɗa masa irin naman da mutumin yake nema. Bai yi tambaya ko ɗaya ba, ya ce in bar masa komai. Ka san Yaya in ya faɗi haka.

Ranar nuni muka zauna a ofis, waya jingine da butar shayi. Sai ga Yaya cikin tsohuwar rigarka ta farauta, ta matse masa ciki, ga bindigarka a kafaɗa, shi da ko ƙadangare bai taɓa harbi ba. Yana sanɗa yana magana ƙasa-ƙasa, ni ina fassara.

Ya nuna gaba ya ce ga talotalon daji can, a yi shiru kar su gudu. Baba, da suka hango shi a guje suka taho, suka kewaye shi suna miƙa wuya, don shi ya ba su dusa da safe. Ɗaya ma da jan ƙyalle a ƙafa, shaidar ƙanwarka Gwaggo Talatu. Abu Rashid ya dube ni ya ce bai taɓa ganin naman daji mai son maharbi haka ba.

Da aka zo kan barewa, Yaya ya durƙusa ya nuna sawu a laka, ya ce da rana ba sa fitowa. Bai san mutumin yana kiwon awaki ba. Abu Rashid ya matso da fuska ya ce, “Habibi, wannan barewar taku ana tatsar ta?” Kafin in sami amsa mai sawun ta leƙo daga bayan geza, da igiya a wuya.

Sai ga Gwaggo da kanta. Ta ce aron talotalo na safiya aka yi da ita, ba na yini ba. Ta karɓe wayar ta cika ta da fuska, ta tambaya ko wannan ne Balaraben. Ta ce a gaishe shi, kuma in talotalo yake so ya zo ya saya kamar kowa.

Abu Rashid ya yi dariya har mayafin kansa ya zame. Ni kuwa gumi nake a cikin sanyin ofis. Na gama sallama fadama, aikina ma ban san makomarsa ba.

Faɗan Gwaggo ne ya tayar da su. Kirinjijiya, Baba, agwagin ruwan nan, garke guda, suka tashi daga tafkin suna fito har suka rufe sama. Dariya ta tsaya. Abu Rashid ya tambaye ni sunansu, ban san shi da Larabci ba, sai na ji kawai ina yin fiton nan da kake kiran su da shi. A ofis, gaban mutane. Ban san har yanzu yana bakina ba. Daga nan fassara ta gagare ni.

Ya ce khalas, shi ke nan, a bar barewa, a mayar wa tsohuwa tsuntsayenta, ruwan kawai zai ɗauka haya, lokacin sanyi. Na ce da sharaɗi: ba harbi da damina, kuma masuntan gari ba mai hana su shiga. Kai ne kake cewa wanda ya harbi uwa a kan ƙwai yunwa ce ta kawo shi daji, ba farauta ba. Ya yarda. Yaya ya fasa sayarwa, shi ne mai gadi yanzu, ko da yake manaja yake kiran kansa.

Ban sani ba ko da ka yarda da wannan, Baba. Ba ka taɓa karɓar komai don wani ya shiga daji ba. Da yamma ina cikin kwalekwale zan tsallaka zuwa masaukina na yi ta juya abin, ban sami wata hanyar da ta fi ba. Iyakar abin da na iya ke nan.

Abu Rashid zai je bana, kuma ya ce ba zai taka garinmu ba sai da tafinta, don haka tare za mu taho. Ban sami jana'izarka ba, Babana, ban taɓa ganin inda aka kwantar da kai ba. Kafin in nuna masa ruwa, wurinka zan fara zuwa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce gidanka. Ya shirya mana Yaya, Ya ƙara wa Gwaggo haƙuri da mu. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Nasiru