Kwanon Hajiya Rabi

Yaya Hinde,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina Malam da yara? Ya ƙafar taki?

Dashen cikin da aka yi wa ɗiyarmu Maryam a asibiti ya sake lalacewa. Ni kuwa na zargi uwar mijinta, Hajiya Rabi, na ce asiri ne. Har dambun da ta aiko na zubar. Jiya likita ya ce da alama garkuwar jikin Maryam ce ke yaƙar cikin, akwai allurar da za a gwada.

Maryam kallona kawai ta yi.

Kwanon Hajiya na nan wurina. Ba a mayar da kwano wayam, Yaya, ni kuwa na rasa abin da zan zuba.

Ki sa mu a addu'a. Gaida kowa.

Ƙanwarki Binta,
Ƙofar Sauri